Tanderun da Ya Kai Mu Maraɗi

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna bakin shago, "Lawal, ya Maraɗi?" In na fito daga masallaci, "Lawal, an ce yanzu har Faransanci kake ji." Shekaranjiya wani ya tare ni a gidan mai yana tambaya wai da gaske ne an tsare Gwaggo a kan iyaka. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. Kwana uku kacal na yi, amma na ji su a jikina.

Ga wanda bai san mafari ba, ni gyaran wuta nake yi a nan Dutsin-Ma. Gwaggo Hajo yayar mahaifina ce, a Kurfi take, kuma tun kafin a haife ni take ginin tukwane. Bara tari ya kwantar da ita har asibiti. Likita ya ce hayaƙin matoya, wajen gasa tukwanensu, shi ya cinye mata ƙirji, in ta ci gaba da tsayuwa a kan ramin nan na kara da kashin shanu, to a fara shirin rabuwa da ita. Ana cikin haka wata ƙungiya ta kawo wa cibiyar matan Kurfi tanderun gasa tukwane mai aiki da lantarki, har da ƙaton janareto. Suka ɗauki hotuna, suka tafi, suka bar mana littafi da wani harshe da malamin Turanci ya jujjuya ya ce wannan ba nasa ba ne. Ni aka kira na haɗa shi. Ni kuma da shegen zaƙewa na je gaban Gwaggo na rantse mata cewa ita da hayaƙi sun rabu ke nan.

Ranar gashin farko ta zagaya tanderun sau biyu tana taɓe baki. Abu ne kamar ƙaton durom, murfi a sama, ciki hawa uku. Ta ga 'yan ƙananan huji a murfin, ta durƙusa ta ga wasu a gindi, ta ce, "Wanda ya ƙera wannan bai taɓa toyi ba. Iska ita ke kashe tukunya." Kun san yadda suke yi a matoya: a jera tukwane a kife, a lulluɓe da kara da ciyawa, duk inda iska za ta kutsa a tare da katangar tsohuwar tukunya. Ta kwaɓa yumɓu ta bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya ta liƙe. Ni na riƙe mata kwanon.

Sau uku muka yi gashi, sau uku muna kwasar takaici. Na hawan sama su ƙone, tulu ya yi tauri har ya daina sanyaya ruwa. Na ƙasa kuwa ɗanyu, in ka fasa ka ga cikin baƙi ƙirin, in an zuba ruwa da safe kafin la'asar gindi ya zube. Ɗakin kuma ya cika da wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye, Gwaggo ta fito tana tarin da ya fi na da. Na auna kowace waya da mita. Na zagi janareto, na canza kebur, har na ce wa matan ko yumɓunsu ne ba shi da kyau, suka kusa cinye ni ɗanye. A kasuwar Kurfi aka fara cewa hannun Hajo ya tsufa, kuma wannan maganar ta fi ƙona mata rai fiye da asarar tukwanen.

"Lawwali," ta ce mini, "na sa an tara mani kara bakin ramina. Toyi guda na ba ka. In ya ɓaci in koma inda na sani, tarin shi kashe ni da mutuncina."

Wani Alhaji mai fataucin aya ne ya ce ya san wata mata a Maraɗi, Hajiya Rahamu, mai irin tanderun nan sak. Na ce zan je in gani. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, don in ni kaɗai na tafi surutu kawai zan dawo da shi.

Na tashi daga Dutsin-Ma bayan sallar asuba. Motarmu na isa Kurfi na hango ta bakin titi da tabarma, da buta, da goran fura, da wani kwando an ɗaure shi da tsohon zane, sai ka ce Makka za ta. A kwandon akwai tulu biyu, ɗaya ƙonanne ɗaya ɗanye mai fasasshen baki, wai shaida za ta kai. Direba ya buɗe but zai tura shi ƙarƙashin buhunan wake, ta ce sai dai ita a sa ta a but. Ƙarshenta a cinyata kwandon ya sauka. Mu huɗu ne a baya, kusa da ni wani mai shanu daga Barkiya. Na yi kuskuren gaya masa sana'ata. Daga Kurfi har Katsina labarin batirin solarsa nake sha, yaushe ya saya, wa ya cuce shi, wane ƙara yake yi in an kunna. Har kwaikwayon ƙarar ya yi mini a kunne.

A Katsina muka canza mota zuwa Jibiya. Shingayen bincike ban ƙirga ba, na dai san duk inda aka tsaya sai an leƙo an tambayi abin da ke cikin kwandon, ni kuma in ce tukwane, Gwaggo ta gyara mini ta ce tuluna.

Maganar tsarewa da kuke ta yayatawa, ga yadda aka yi. A kan iyaka aka ce kowa ya fito da katinsa. Gwaggo ta zaro nata da ƙarfin gwiwa ta miƙa. Jami'in, wani dogo mai sanyin magana, ya duba gaba ya duba baya ya ce, "Inna, wanga na likita ne." Katin asibiti ta ɗauko. Na ce Gwaggo ina na ɗan ƙasa, wanda na ce ki sa a jaka tun jiya? Ta ce ai duk hotonta ne. Ko hoto babu a na asibitin. Muna cikin wannan ya sa aka kwance kwandon. Ya ga tulu mai fasasshen baki, ya dube mu, ya sake duban tulun. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne sai na yi tunanin wani abu aka ɓoye, don wane mai hankali ne zai tsallaka ƙasa da fasasshen tulu? Ya zura hannu ciki, ya girgiza, ya ƙwanƙwasa.

"Ba haka ake ƙwanƙwasawa ba," in ji Gwaggo. Ta karɓe ta ɗora a tafin hannu ta buga da ɗan yatsa. "Ka ji? Wannan gum yake cewa. Ɗanye ne. Wancan kuma ya wuce."

Ashe uwar jami'in ma maginiya ce a wani ƙauye can wajensu. Sai ga su sun ɓalle da hira, wane yumɓu ya fi, da me ake cuɗa shi, ni ina tsaye ina kallon motarmu tana cika tana tashi ba mu. Da aka gama zumuncin, katin ya fito daga cikin ƙullin goro a haɓar zanenta. Motar da muka samu daga baya ta awaki ce rabi, mutane rabi.

Wajen ƙarfe ɗaya muka isa ƙofar Hajiya Rahamu. A rufe. Na buga, na yi sallama, shiru. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce tana hutawa, sai uku da rabi. Na ce daga Najeriya muke. Ya ce ko daga ina ne, sai uku da rabi. Wannan ɗabi'a tasu ta ba ni mamaki ta kuma ba ni haushi. Rana na take tsaka sai a ja ƙofa a kwanta, mai shago da ma'aikaci duk ɗaya. Mu a Dutsin-Ma in ka rufe shago a wannan lokacin sai a zo yi maka jaje. Muka rakuɓe a inuwar wani mai shayi. Ya yanko mana burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa tauri. Gwaggo ta gwada da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ajiye, ta ce wannan a hawan sama aka gasa shi. Furarta ta sha, ni na cinye burodin biyu.

Hajiya Rahamu gajeruwa ce, da tabarau rataye a wuya, kuma ba ta san sauri ba. Na fara bayani tun daga bakin ƙofa, ta ce a zauna tukuna. Aka kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi hanya, aka sake tambayar gida. Aka ɗora shayi, kuma nasu sai an sha sau uku, in ka tashi a na biyu ka yi rashin ladabi. Sai da aka kwashe kofuna ta ce a kawo kwandon. Ta ɗaga tulu ɗaya ta ce, "Wanga na bisa ne." Ta ɗaga ɗayan, ta leƙa wajen fashewar. "Wanga na ƙasa. Kuna kunna fanka kuwa?"

Na ce, "Wace fanka, Hajiya?"

Ta ja mu zuwa rumfar da tanderunta yake. Irin namu ne, har launi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan kofin ƙarfe manne da gindin, daga nan dogon tiyo mai kauri ya tafi zuwa wata 'yar fanka a jikin bango, bakinta yana waje. Na san fankar nan. Na san tiyon nan. A wani kwali daban suka zo tare da namu, na ɗauka kyauta ce aka haɗo. Fankar, ni da hannuna na kafa ta a tagar ofishin Malama Talatu, sakatariyar cibiyar, don ta ce zafi na damunta. Tiyon kuma mai gadi ya ɗaura a indararo yana tara ruwan sama a durom.

Gwaggo ta ga fuskata ta canza. "Mi ne ne?"

Na faɗa mata. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Injiniya." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amma nata na zuwa. Hajiya ta kunna fankar, ta ɗauko tsinken turare ta kunna, ta riƙe shi a saman ɗan hujin murfi. Hayaƙin, maimakon ya tashi, sai ya lanƙwasa ya shige ciki. Ta ce ta nan iska kaɗan ke shiga, ta bi ta cikin tukwane ta sauka, ta fita ta hujin gindi, fanka ta tura ta waje.

"Iska cikin toyi?" in ji Gwaggo. "Ke ɗiyar nan, shekara nawa kina gini?"

"Ban kai ki ba, Inna. Amma a rami wuta kike tsarewa daga iska, don kar ta ci gefe guda. Nan babu wuta, zahi ne kawai, shi kuwa bisa yake hayewa ya yi zamansa. In ba a jawo shi ba, ba ya sauka. Kuma yumɓu da kansa yana da ɗanshi da hayaƙin da yake fitarwa. In bai samu hanya ba sai ya tsaya ya baƙanta cikin tukunya, sauran ya biyo gefen murhi ya shiga ƙirjinki. Naku hujin a buɗe suke?"

Na buɗe baki, Gwaggo ta harare ni, na rufe. Ita da kanta ta ce, "Na liƙe su." Sai ta nuna wasu manyan kafofi uku a gefen tanderun, waɗanda ake leƙawa, ta ga na Hajiya ma a toshe suke da abin toshiyarsu. Hajiya ta ce e, waɗannan in fanka na aiki a toshe ake barinsu. Shi ke nan Gwaggo ta samu abin riƙewa. Har muka baro Maraɗi cewa take, "Ai na ce a toshe." Ƙananan da ta liƙe kuwa ba ta sake tayar da zancensu ba.

Hajiya ta ce mu kwana mu ga yadda take lodi da safe. Gwaggo aka kai ta cikin gida, aka ba ta katifa da gidan sauro. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiya tsakanin buhunan yumɓu, sauron Maraɗi suka yi walima. Abincin dai ba laifi, dambun zogale ne da ƙuli da mai, sai dai yajinsu ba ya gargaɗi.

Da safe aka yi lodi. Farantin ƙasa ba a kan gindin yake zaune ba, an ɗaga shi a kan 'yan ƙafafu don iska ta wuce. Tsakanin tukunya da tukunya yatsa biyu, tsakaninsu da bango ma haka. Manya masu kauri a tsakiya, ba a jibge su duka a ƙasa kamar yadda muke yi ba. Wannan ya fi komai damun Gwaggo, don a matoya ba a barin fili, kowane lungu sai an cusa ɗan kasko. Hajiya na juya baya sai Gwaggo ta ɗauki ƙaramin kofi ta cusa a wani gurbi. Hajiya ta juyo ta cire. Sau uku suna haka. Sannan a kowane hawa ta ajiye wani ɗan tsinin yumɓu kamar ƙaramin yatsa. Ta ce agogon tanderu zafin wuri guda yake faɗi, amma waɗannan in zafi ya kai sai su sunkuya, in aka buɗe aka ga na sama da na ƙasa sun sunkuya daidai, to gashi ya yi daidai. Ta ce a fara da zafi kaɗan na sa'o'i, kar a yi gaggawa, in ya kai ƙarshe kuma a riƙe shi a nan ɗan lokaci don na ƙasa su cim ma na sama. Duk na rubuta a bayan kwalin sukari.

Gwaggo ma ta rama. Ta ɗauki wata tukunya da za a sa, ta manna a kumatunta, ta ce wannan ba ta bushe ba, da sanyi a jikinta. Hajiya ta taɓa ta ce ta bushe. Gwaggo ta ce to a sa, in ta tarwatse ta kashe maƙwabtanta kar a ce ba ta faɗa ba. Hajiya ta manna a nata kumatun, ta mayar da ita rana. Daga nan suka zama ƙawaye, ni na koma ɗan ɗaukar kaya. Wuni guda tanderun na aiki muna zaune kusa da shi, ba wari ko kaɗan. Da za mu taho washegari ta ba mu 'yan tsinin nan cikin gwangwani.

Dawowa ba abin labari, sai dai na sake haɗuwa da wani mai matsalar injin markaɗe. Rigimar tana Kurfi. Malama Talatu ta ce fankar ofis ce, tana cikin lissafin kayan ofis, ba mai taɓa ta sai da takarda. Na ce ni na kafa ta, ni zan cire. Ta ce in rubuto. Gwaggo ta shiga ofishin ta zauna a kan kujerar baƙi ta yi tari mai tsawo, ba na wasa ba, har sai da Malama ta miƙe da kanta ta ce in zo in kwance. Mai gadi ya ba da tiyo yana gunaguni, na wanke shi na shanya. Na huda bango na fitar da bakin fankar ta bayan gini, inda ba kowa ke bi ba. Yumɓun da aka liƙe hujin da shi ya gasu sau uku ya zama dutse, sai da na bi da siririn ƙusa a hankali, kar bulon tanderun ya tsage. Gwaggo na tsaye a kaina tana cewa in yi a hankali, kamar ba ita ta liƙe ba.

Muka gwada da turare, hayaƙi ya shige. Gwaggo ce ta yi lodi, tana auna yatsa biyu tana tsaki. Muka kunna da hantsi, aka kashe bayan la'asar, aka bar shi ya huce. Na koma Dutsin-Ma ban iya cin tuwon kirki ba, don na san in abin nan ya ɓaci ba ni da sauran bakin hana ta rami.

Washegari da azahar na iso na tarar tana zaune a ƙofar ɗakin, ta hana kowa buɗewa. Na ɗaga murfi. Tsinin sama ya sunkuya. Muka kwashe hawan, na tsakiya ma haka. Da muka kai na ƙasa na leƙa, shi ma ya sunkuya, ko da bai kai na sama ba da ɗan kaɗan. Gwaggo ba ta ko kalli tsinin ba. Ta ɗauki tulu na sama ta buga da yatsa, ya yi ƙara garau. Ta ɗauki na ƙasa ta buga, garau. Ta bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, tana neman aibu. Da ta rasa sai ta ce, "Duk kala guda. Ko ɗigon baƙi babu. Sai ka ce ba ni na gina su ba."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Gwaggo. Na bar shagona kwana uku, na kwana cikin buhuna, na zama abin dariya tun daga iyaka har Kurfi. Sun ƙone kin yi faɗa, sun yi ɗanye kin yi faɗa, yanzu sun yi daidai kuma kala ce ba ta yi ba. Don Allah me kike so?"

"So nake ka yi mani shiru," ta ce.

Ta zauna a bakin dakali da tulun a cinyarta tana shafa shi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara goma sha wani abu, duk ranar da na yi toyi, zaune nake kwana. In jingina da bango har asuba, don in na kwanta numfashi ba ya zuwa. Ko ubanka ban taɓa gaya ma ba." Ta juya tulun ta duba gindinsa. "Jiya na yi toyi, na kwanta bisa gadona, sai kiran salla na ji."

Duk shekarun nan ina zuwa gaishe ta, ina karɓar tulu kyauta in kai gida, ban taɓa tambayar yadda take kwana ba.

Ta miƙo mini tulun. "Kwashe su ka kai inuwa. Kuma ka riƙe da hannu biyu."